Muzurun da Kaka Ta Ce Atif Ne

Gaɓar kogi ta yamma, Luksor, 9 ga Nuwamba

Ɗan tagwaina Atif,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan iskar Gardaka ba ta busar da kai ba, siminti kuma bai cinye maka yatsu ba. Mu nan lafiya lau. Umma ta daina tarin nan, Baba yana nan da amalankensa, Kaka kuwa gwiwa ce dai, amma bakinta garau yake.

Yanzu gyara zama, don na yi abin da ba za ka yarda ni na yi ba. Na kawo muzuru gida.

Jakin Baba ne ya yi gyambo a gadon baya, muka kai shi wurin Likita Irini, matar nan da ke duba jakuna da dawaki kusa da mafitar jirgin ruwa. Ka san ni da idon mutane. Masu amalanke sun cika tsakar gidan, sai na sulale na shige wani ɗaki a baya da littafina. Ashe nan take ajiye magunan da ta tsinto a titi har a samu mai ɗauka. Duk suka yo kaina suna kuka, ban da ɗaya da ke bayan buhun dusa.

Ja ne, idonsa ɗaya. Rabin bayansa babu gashi, wani mai suyar kifi ne ya watsa masa tafasasshen mai. Wutsiyar kuma yara suka datse da lauje. Shekara ɗaya da rabi yana wurin. Sau biyu ana ɗaukarsa ana dawo da shi, na biyun ma sai da ya tsaga wa yaron gidan leɓe.

Na zauna na yi ta karatuna ban kalle shi ba. Da na ɗago kai, sai ga shi kamu ɗaya daga ƙafata yana harara ta. Ka san mazan littattafaina, duk mai tabo a fuska, mai yi wa mutane kallon banza, shi ne za ka tarar zuciyarsa ta fi ta kowa laushi a shafi na ɗari biyu. Nan take na sa masa suna Basha, na miƙa masa hannu. Ya tsarge ni daga wuyan hannu har babban yatsa. Jini ya ɓata min shafi uku.

Likita tana ɗaure min hannun tana cewa ai na gani da idona. Na ce shi nake so. Ni da ba na iya tambayar mai shago gishiri, Atif. Baba ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Baffanki fa?" Na ce a ɗakin tanderu zan ajiye shi, ba zai taɓa hawa soro wurin tattabarun Baffa ba.

Yau kwanansa huɗu a bayan itace. Ba ya ci sai na fita.

Taka,
Afaf

*

Gardaka, 24 ga Nuwamba

Malama mai littafi,

Na samu takardarki, na ji daɗi kowa lafiya. Ni ma ƙalau, sai gajiya. Otal ɗin da muke ginawa ya kai hawa na huɗu, mu ne masu hawa da bulo.

Wato duk samarin ƙauyenmu ba wanda ya yi miki sai mai ido ɗaya. Allah ya sanya alheri, a gaishe min da angon.

Amma bar wasa, Afaf. Kin manta wayar da ke jikin ɗakin tattabarun Baffa Garib? Muna shekara bakwai ya rataye baƙar magen gidan maƙwabciyarmu Nabawiya a kai, tana shure-shure, ya ce mu tsaya mu gani. Kwana uku kina amai. Mutumin nan tattabarunsa sun fi masa mu, Baba kuma bai taɓa ɗaga ido ya kalli yayansa ba. Mayar da shi tun da wuri.

In kin ƙi ji, to aƙalla kada Kaka ta gan shi, cewa za ta yi ni ne. Har yau ba ta yafe min furzar da nonon raƙumin da aka ba mu muna jarirai ba, wanda ake ba tagwaye don kada su riƙa zama mage. Ke kin haɗiye naki kin tsira, ni kuwa wai da na yi barci sai kurwata ta fita ta zama mage ta bi gidaje. Ƙanshin miya kawai nake ji in faɗi abin da maƙwabta suka dafa, tsohuwa ta mai da ni abin kallo.

Wanke hannun nan da gishiri.

Atif

*

Gaɓar yamma, 19 ga Disamba

Atif, muzurun Kaka,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya, an fara saran rake, gari duk ƙurar ganye.

Ban mayar da shi ba. Kaka kuma ta gan shi tun ranar toya burodi. Ta tsaya ta daɗe tana kallonsa, ta tambaye ni wane lokaci kake barci a can. Na ce ban sani ba. Tun ranar take ajiye masa saman madara a murfin kwano.

Kullum na dawo daga makaranta nakan zauna a bakin tanderu in juya masa baya in karanta da ƙarfi. Mun gama littafi biyu. Ya fi son wurin da ake rabuwa a tashar jirgi, ko kuma muryata ce take sauka a wurin. Sati na uku ya fara ci ina zaune. Shekaranjiya na ji numfashinsa a gwiwar hannuna, na ƙame kamar gunki har ƙafata ta mutu. Da na motsa sai ya kafa min haƙori a dantse. Ban yi ƙara ba. Ya saki da kansa, ya ja baya yana mamaki. Ina jin ba a taɓa barinsa ya ciji mutum ba tare da duka ya biyo ba.

Abin da ban so rubutawa ba shi ne na ranar Juma'a. Baffa ya kama wata mage mai ciki a soro. Ya sauko da ita cikin buhu, ya kira ni da sunana, ya tsaya a ƙofar ɗakin tanderu daidai inda zan gani. Ya yi ta maka buhun da bango. Na ƙirga bakwai, daga nan na daina ji. Buhun ya jiƙe, bangon ma. Ya jefar da shi gabana ya ce in kai rafin ban ruwa.

"Na san abin da kike ɓoyewa a nan," ya ce. "Ranar da na rasa ko ƙwai ɗaya, ke za ki riƙe min buhun."

Umma tana tankaɗe ba ta ɗago ba. Na kai, Atif. Buhun da ɗumi har na isa. Da na dawo Basha ya koma bayan itace, kwana biyu bai fito ba, sai ka ce ya ji abin da Baffa ya faɗa.

A littafi da tuni wani ya shigo a kan doki. A nan sai ni da tsintsiya ina wanke bango.

Afaf

*

Gaɓar yamma, 7 ga Janairu

Atif,

Muna lafiya. Ba zan iya doguwar gaisuwa ba, ka yafe ni.

Laifina ne. Ya saba da ni har yana bina zuwa bakin ƙofa, sai na ga kamar zalunci ne in ci gaba da kulle shi. Jiya da hantsi na bar ƙofar a buɗe. Ya hau soro ya kashe 'yan shila biyu. Shi ne ya yi, ba zan yi masa ƙarya ba, na ga gashin a bakinsa.

Baffa ya rutsa shi a kan matakala da gora. Dukan farko ya samu ƙafarsa ta gaba, na ji ƙarar ƙashin daga tsakar gida. Na biyu ya fasa tulun Umma. Na riƙe wa Baffa jallabiya, ya mare ni da bayan hannu har na bugi bango, haƙorina ɗaya yana girgiɗi. Basha ya ja ƙafar ya bi ta magudanar ruwa ya shige gonar raken Baffa. Na bi sawun jini har bakin gona na yi ta kira. Ya ji ni, na san ya ji. Bai zo ba.

Baffa ya rantse da zarar an gama saran gonar zai cinna wa ganyen wuta ta kusurwa huɗu, ya tsaya da gorarsa a inda zai ɓullo.

Ga abin da nake roƙonka, kuma ban taɓa roƙonka komai ba. Rubuto wa gida cewa ka tashi daga barci ka tarar hannunka a karye. Kada ka ambaci mage ko ni. Kaka za ta ƙarasa sauran. Na san ƙarya ce, na ɗauki zunubin a kaina. Yi sauri, saran ba zai wuce wata ɗaya ba.

Afaf

*

Safaga, 29 ga Janairu

Zuwa ga iyalan Atif, bayan sallama da gaisuwa.

Ni Shahat ne mutumin Kina, abokin aikinsa. Ni nake rubutawa don shi ba zai iya riƙe alƙalami ba. Kada hankalinku ya tashi, yana ci yana sha. Hannunsa na dama ne ya karye wuri biyu kwanakin baya, an kai shi asibiti an ɗaure. Na tambaye shi me zan ce muku ya same shi, ya ce in ce ya farka ne kawai ya gan shi haka. Yana gaida mahaifiyarsa da kakarsa da 'yar'uwarsa.

Shahat

*

Gaɓar yamma, 5 ga Fabrairu

Atif, gwanina,

Gaisuwa da godiya da ba ta da iyaka. Kowa lafiya, ni ma fuskata ta saɓe.

Sati huɗu ina zaginka a zuci, ashe shiri kake yi. Har da sa wani ya rubuta, har da canza gari! Ko mai rubuta littafi bai kai ka ba. Da kyar na danne dariya da na kai wurin "ya farka ya gan shi haka".

Takardar ta iso ranar da za a sa wutar, an riga an zuba kananzir a kusurwa biyu. Na karanta a tsakar gida kowa yana ji. Umma ta zauna daɓas a ƙasa, wannan kam ya dame ni, amma zan lallashe ta. Kaka ta tambaye ni wace ƙafa Baffa ya daka. Na ce ta gaba, ta dama. Ta tashi ba sanda ta nufi gona, tsohuwar da ba ta iya zuwa bakin rijiya. A gaban masu saran rake ta cire takalminta ta yi ta kwaɗa wa Baffa a fuska, tana cewa ya karya ɗan ƙaninsa a kan 'yan shila biyu. Hancinsa ya fashe, jini yana bin gemunsa, bai ko kare ba. Ashanar ta faɗi daga hannunsa.

Ni na shiga gonar. Na same shi a wani rami ƙarƙashin ganye, ƙashi da fata, ƙafar ta kumbura tana wari. Ɓeraye da ƙadangaru ya rayu da su, Allah kaɗai ya san yadda ya kama su. Na lulluɓe shi da mayafina, ya yaga mayafin ya yaga ni, wuya da ƙirji da hannu biyu. Ban sake shi ba har wurin Likita Irini. Ta ce ƙafar ba ta gyaruwa, ta yanke ta daga kafaɗa. Wannan kada ka damu, ba sai ka yanke naka ba.

Yanzu yana ɗakinmu a ƙarƙashin gado, ya koma kamar ranar farko. Abin da zai ba ka dariya, Baffa ya yanka tattabara da hannunsa ya kawo, ya durƙusa a bakin gadon yana cewa, "Atif, ɗana, ci ka yafe min." Ya ce da kansa zai zo Safaga ya ɗauko ka. Sai ka san dabarar da za ka hana shi.

Na sumbaci hannun nan naka mai ƙaryar karaya.

Afaf

*

Safaga, 21 ga Fabrairu

Afaf,

Ina gaida kowa. Shahat ne yake rubutawa har yanzu, shi ya karanta min taki, ya tsaya a tsakiya ya tambaye ni ko 'yar'uwata tana da lafiyar kai.

Ban san wace ƙarya kike yaba min ba sai jiya, da wani direba ya kawo min tsohuwar takardarki daga Gardaka. An mayar da mu Safaga tun farkon Janairu, ban gan ta ba.

Hannuna a karye yake. Ranar sha biyar ga Janairu shugaban leburori ya mari wani dattijo ɗan garinmu, ya ce mu mutanen kudu da jakuna uwarmu ɗaya. Na watsa masa kwaɓaɓɓen siminti a ido. Da yamma mutanensa uku suka tare ni a bayan tankin ruwa, biyu suka danne ni, ɗaya ya ɗora hannuna a kan bulo ya sauke rodi sau biyu. Na suma, na farka a asibiti. Farkawar nan kaɗai na ce Shahat ya rubuta muku, don kada Umma ta ji sauran. Yatsu biyu ba sa motsi. Ina kwance a ɗakin mutum goma, ba na iya ɗaura wandona sai an taimake ni, sai ga takardarki kina dariya.

Na yi fushi kwana biyu. Yanzu ya wuce, ai ba da saninki kika yi ba.

Ga lissafin da ba ki yi ba. An daki muzurunki ran shida, ni ran sha biyar. Wannan ni da ke da Shahat kaɗai muka sani. Amma ranar da na shigo gida na zauna ido biyu ina shan shayi, shi kuma yana ƙarƙashin gado yana harara ta, ko Kaka ba za ta iya kare shi ba. Baffa zai gane an sa shi ya durƙusa wa mage, an fasa masa hanci a gaban leburorinsa. Kin san abin da zai biyo baya.

Don haka ba zan dawo ba. Ki ce musu likita ya hana ni tafiya. Zan nemi gadi a nan, mai hannu ɗaya ma yana iyawa. Ki riƙe angonki.

Atif

*

Gaɓar yamma, 2 ga Maris

Ɗan'uwana Atif,

Sallama. Umma lafiya, Kaka lafiya, Baba ya ji ciwo a goshi amma da sauƙi. Ni ina kwance, zan gaya maka dalili.

Na karanta takardarka a bayan makaranta. Na sumbaci hannunka da wasa alhali an farfasa shi da rodi. Ban san da wane baki zan ba ka haƙuri ba, don haka ban tsaya neman bakin ba.

Kwana uku na ɗauka ina kallon Umma tana ninke jallabiyarka tana warwarewa. Na yi tunanin mayar da Basha wurin Likita a ɓoye, amma Kaka za ta ce kai ne ka ɓata, Baffa kuma ya ci gaba da yawo da laifin da ba nasa ba. Nasa ma sun ishe shi.

Ranar Laraba ana cin abincin rana kowa yana nan, na miƙe tsaye. Na faɗi ranakun biyu, shida da sha biyar. Na faɗi abin da na roƙe ka, da abin da aka yi maka a bayan tanki. Na ce Basha muzuru ne kawai, mai kifi ya ƙona shi, yara suka datse shi, Baffa ya ƙarasa.

Baffa ya ajiye burodinsa a hankali. Ya tambaye ni ko na san haka ranar da ya durƙusa. Na ce a ranar na ɗauka ma duk ƙarya ce, kuma na bar shi ya durƙusa.

Na riga shi zuwa ɗaki da taku uku. Ya kifar da gadon da hannu ɗaya. Basha ya maƙure a kusurwa, da ƙafa uku ba inda za shi, sai na faɗa a kansa na dunƙule. Gorar ta sauka a bayana, ta sauka a kafaɗa, ta sauka a haƙarƙari. Daga ƙasa kuma Basha ya kafa haƙora a tafin hannuna har suka haɗu. Ban san wanne ya fi zafi ba. Ina jin Baffa yana cewa in tashi, ni kuma ina cewa a'a da irin muryar da ban san ina da ita ba.

Na huɗun bai sauka a kaina ba. Baba ne ya tare da goshinsa, ya fizge gorar, ya karya ta a gwiwa. Baba, Atif. Jini yana shiga masa ido ya ce wa yayansa, "Ɗana yana can an karya shi, 'yata ma a nan za ka karya?" Suka kama kokawa har tsakar gida, sai da maƙwabta suka haura katanga suka raba su.

Jiya aka fara gina bango a tsakiyar gidan. Soro da tattabaru da matakala suna ɓangaren Baffa, tanderu yana namu. Ya aiko cewa duk abin da ya tsallaka bangon nan nasa ne, mutum ko dabba. Baba ya sa a kafa waya a tagarmu. Kaka ba ta yi min magana tun ranar. Ba dukan ne ya ɓata mata rai ba, cewa da na yi ba kai ba ne. Ta ce ni yarinya ce, ban san komai ba.

Haƙarƙarina biyu sun tsage, sai rubda ciki nake iya kwanciya. Baba zai taso ranar Asabar ya ɗauko ka, kada ka yi masa gardama. Likita Irini ta san wani mai gyaran jijiya a Asyut, ta ce yatsun ba lallai sun mutu ba.

Ka yi haƙuri da rubutun, na san ya karkace. Da hagu nake yi. Ɗazu bayan azahar ina kwance ba na iya juyawa, na ji abu ya hau katifar yana ɗingishi. Ya shinshina tafin da ya ciza, ya zagaya sau biyu, ya kwanta a kai. Nauyinsa duk a kan ciwon yake, yana min zugi har kafaɗa, kuma an kira la'asar tun ɗazu. Ban janye ba tukuna.

Sai ka zo.

Afaf